Kundin shirina na SQE2, Janairu zuwa Afrilu 2025

Lahadi, 12 ga Janairu

Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa ganin inda lokacina da kuɗina suke zurarewa. Saura wata uku da 'yan kwanaki a yi zaman Afrilu na SQE2, wato kashi na biyu na jarrabawar zama solisita a Ingila da Wales. A gida Najeriya lauya ɗaya ne, ranar da aka rantsar da shi ya zama barista kuma solisita lokaci guda. Nan aikin a rabe yake, kowanne da hanyarsa. Maigida dai bai san wannan zance ba, tun ranar da sakamakon kashi na farko ya fito yake ce mini Barista, na gaji da gyara masa na bari.

Kashi na farko na zauna shi a Yulin bara. Tambaya 360, takarda biyu, kowace 180, kowace tambaya da amsa biyar ka zaɓi wadda ta fi dacewa. Wahala ce, amma amsar tana gabanka, ganewa kawai ake nema. Wannan karon babu abin zaɓa. Tasha 16 ce: huɗu na baka, 12 na rubutu. Na bakan kwana biyu ne, kowace rana ganawa ɗaya da mai neman shawara da kuma tsayuwa ɗaya gaban alƙali. Rana guda ƙarar farar hula da cinikin gida, ɗaya ranar shari'ar laifi da wasiyya da gado. Na rubutun kwana uku ne a kan kwamfuta a cibiyar Pearson VUE: nazarin matsala awa ɗaya, binciken doka awa ɗaya, tsara takardar shari'a minti 45, wasiƙa minti 30. Rana ta uku gaba ɗayanta harkar kamfanoni ce. Ba a shiga da littafi.

Rabin maki na sanin doka ne, rabi na iya aiki. Ba sai ka ci kowace tasha ba, jimilla ake dubawa, kuma wannan ne kaɗai abin da ke sa ni barci.

Kuɗi: zaman kansa fam 2,902. Lokacin da SRA, hukumar da ke kula da solisitoci, ta fara tsarin a 2021 fam 2,422 ne, ya hau 2,766, ga inda ya kai a zaman Afrilun 2025. Wanda ya faɗi zai sake biya cif, kuma sau uku kacal ake ba mutum dama cikin shekara shida. Na sayi kwas ta intanet mai rahusa, fam 1,450, da gwaji biyu na baka a ciki. Ofishin lauyoyin da nake aiki sun yarda in riƙa ɗaukar Juma'a ba albashi har ƙarshen Afrilu.

Tsari: asuba zuwa ƙarfe bakwai maimaita doka, Juma'a rubutu da agogo, Asabar baka.

Asabar, 18 ga Janairu

Ganawar farko, a teburin cin abinci. Maigida ya zama mai sayen gida, yarinya tana barci. Minti 10 na karanta saƙon da shugaba ya aiko, minti 25 ganawa, minti 25 a rubuta bayanin ganawar da hannu.

Da agogo ya buga ban kai ga tambayar ta ina zai samo kuɗin ba. Na saurari abin da na naɗa a waya, gaisuwa da gabatarwa kaɗai sun ci minti shida. Sannan duk inda ya kama labari sai in bar shi ya kai ƙarshe, har da labarin maƙwabcin da ke ajiye mota a ƙofar gida. Ya ce, "Barista, ai ni nake jan ki, ba ke kike ja na ba." Na ji haushi, amma gaskiyarsa.

Hannuna kuma ya yi tsami. Rabon da in cika shafi biyu da biro tun ina jami'a a Zariya.

Laraba, 22 ga Janairu

Maimaita dokar laifi. Awannin tsarewa a ofishin 'yan sanda, 24, 36, 96. Ƙofofi bakwai na shigar da tsohon halin wanda ake tuhuma, sashe na 101 na dokar 2003. Huɗu kawai na iya kawowa da ka.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Makon nan na gano takardun da na yi karatun bara da su sun tsufa a wurare. Bayan kasafin kuɗin 30 ga Oktoban 2024, harajin ribar sayar da kadara ya tashi daga kashi 10 da 20 zuwa 18 da 24, ƙarin harajin da mai sayen gida na biyu ke biya kuma ya koma kashi 5 daga 3. A ofis na san da wannan, amma katunan hardata suna nan da tsofaffin lambobi, kuma su bakina ya saba da su. Dokar da ake tambaya ita ce wadda ke aiki wata huɗu kafin ranar farko ta zaman, don haka na bi katunan ɗaya bayan ɗaya da jan biro. Kwana biyu suka tafi a nan.

Na kama wurin jarrabawar baka a Manchester, ita ta fi kusa da Leeds inda muke zaune. Sauran wuraren Landan, Birmingham da Cardiff. Kuɗin sun fita daga asusu, na daɗe ina kallon abin da ya rage.

Talata, 11 ga Fabrairu

Wasiƙa biyu, minti 30 kowace. Ta farko ban gama ba. Ta biyu na gama, amma malamar kwas ta rubuta a gefe cewa wanda aka rubuta wa mai gyaran famfo ne, me zai yi da sunayen shari'o'i uku a sakin layi ɗaya.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Yau ne gwajin baka na farko da na biya, ta bidiyo, kuma yau ido ya raina fata. Zan rubuta shi dalla-dalla don kada in manta.

Saƙon shugaba gajere ne: wani mutum ya rasu bai bar wasiyya ba, ga wata mata za ta zo, a ji abin da ke tafe da ita. Matar da ta fito a matsayin mai neman shawarar ta kai shekara sittin, kuma ta iya wasan ƙwarai, murya na rawa, tana murza hankici. Da ta ce "mijina" sai jikina ya yi sanyi kamar na shiga gidan makoki a Tudun Wada. Na yi mata ta'aziyya, na sake yi. Na tambayi gida, ta ce da sunansa yake shi kaɗai. Na tambayi 'ya'ya, ta ce biyu ne manya, na matarsa ta farko, ba sa ga maciji da ita. Na tambayi asusun banki a kaikaice, kamar mai neman bashi. Can a tsakiya ta ce sun yi shekara 22 tare kuma su ba masu damuwa da takardu ba ne. Na ji wannan magana sarai. Har wani abu ya ɗarsu a raina. Amma in dubi mace mai takaba in ce mata, shin an ɗaura muku aure kuwa? Bakina ya ƙi. Na wuce zuwa kuɗin jana'iza.

A bayanin ganawa na zuba doka tsaf: matar aure tana ɗaukar kayan amfanin mamaci, da fam 322,000 na farko, da rabin abin da ya saura, 'ya'ya su raba ɗaya rabin. Har na kawo sharaɗin cewa sai ta rayu kwana 28 bayansa. Na ji daɗin kaina.

Ba su yi aure ba. Zaman tare kawai suka yi. A dokar gado ta Ingila idan babu wasiyya, wadda ba a aura ba ba ta da ko sisi, komai tsawon zaman, dukiyar duka ta 'ya'yan nan biyu ce, har gidan da take kwana a ciki. Abin da ya rage mata shi ne ta nemi kotu ta yanka mata abin rayuwa a ƙarƙashin dokar 1975, tunda sun haura shekara biyu suna zaune tare kafin rasuwar, kuma wata shida ne wa'adin daga ranar da aka ba da takardar izinin raba gado. Ko kalma ɗaya ban rubuta a kan wannan ba. A ganawar an ba ni C, cin da ƙyar, saboda tausayi da natsuwa. A bayanin an ba ni E, wato faɗuwa.

Mai gwajin ta ce mini abin da ba zan manta ba: matar ta fita daga ofishina tana jin daɗi, tana zaton gida nata ne, kuma wannan ya fi a ce na ɓata mata rai da tambaya.

Na kashe kwamfuta na shiga kicin na yi kuka kaɗan. Ba dokar ce ban sani ba, da a kashi na farko aka kawo wannan cikin amsa biyar da na cafke ta cikin daƙiƙa goma. Kunya ce ta kayar da ni, irin wadda aka raine mu da ita: ba a katse babba, ba a tambayar mutum nawa ne a asusunsa, ba a tono asirin mamaci gawarsa ba ta huce ba.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Na kai wa Goggo labarin. Ba goggona ta jini ba ce, dattijuwa ce 'yar Kano da ta fi shekara talatin a Bradford, duk mu 'yan Arewa na yankin nan haka muke ce mata. Ta saurara tana gyaran zogalen da aka kawo mata daga gida, ta ce, "Ke 'yar nan, ungozoma tana jin kunya? In ta ji kunya ai uwa da ɗa duk sun tafi." Sannan ta ce daga yau ita ce mai neman shawarata, kowace Lahadi, kuma kada in raga mata.

Da na yi mata bayanin matsalar sai hirar ta juya ta daina zama ta jarrabawa. Na gaya mata auren da aka ɗaura a nan Ingila a masallaci ko a falo, ba tare da an bi ƙa'idar rajista ba, doka ba ta ɗauke shi aure ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da haka a 2020 a shari'ar Akhter da Khan, waɗanda aka ɗaura wa aure a wani gidan cin abinci a Landan a 1998. Wanda aka ɗaura a gida bisa ƙa'idar can, wannan daban ne, ana karɓarsa. Goggo ta ajiye tiren, ta fara ƙirga gidaje da yatsu. Ta kai shida. Ta ce mata nawa ke zaune suna lissafin tumuninsu, ba su san ko shi ba za su gani ba sai in maigidan ya rubuta wasiyya. Na ce kuma a nan mutum yana iya yin wasiyya da dukiyarsa gaba ɗaya, babu iyakar sulusi, shi ya sa mai son a raba masa gado yadda addini ya tsara dole ya rubuta, ya sa hannu gaban shaidu biyu suna tare a lokaci guda, kuma kada shaidan ya zama mai cin gadon ko mijinta ko matarsa, in ba haka ba rabonsa ya faɗi. Dokar 1837 ce, har yau ita ke aiki.

A hanyar dawowa a jirgin ƙasa na rubuta jumla uku na hardace, na shiga tambaya mai nauyi da su. Ma'anarsu dai: zan yi miki wata tambaya da nake yi wa kowa, domin amsar tana canja abin da doka ta ba ki. Da na faɗi dalili kafin tambayar sai nauyin ya ragu a bakina.

Tikitin Bradford da dawowa, da 'yar tsarabar da ba a zuwa gidan babba hannu rabbana: fam 14.

Alhamis, 6 ga Maris

Azumi ya kama. Bana da sauƙi, ana shan ruwa wajen ƙarfe shida saura. Na mayar da karatu bayan sahur, kai a sake, gida shiru. Bayan tarawihi ba na iya komai.

Binciken doka guda biyu. Ana ba ka tarin majiyoyi, wasu ba su da alaƙa da tambayar, aikinka ka tace. Na ɓata minti 20 a kan wata shari'a da wata ta baya ta riga ta rushe. Daga yanzu shekara da matakin kotu nake fara dubawa kafin in karanta ko layi ɗaya.

Asabar, 15 ga Maris

Gwajin baka na biyu, tsayuwa gaban alƙali. Minti 45 na shiri, minti 15 na magana. Neman beli a kotun majistare, wani matashi da ake tuhuma da fasa shago.

Kuskuren farko tun a kalmar farko: na ce "My Lord". Abin da kunnena ya taso da shi ke nan, ba na ma sanin ya fito. A nan majistare "Sir" ko "Madam" ne, alƙalin gunduma "Judge" kawai tun ƙarshen 2022, na Kotun Crown galibi "Your Honour", sai a Babbar Kotu ake "My Lord". Sau biyar na faɗa, an ƙirga mini.

Dokar kam na riƙe ta. Sashe na 4 na dokar beli ta 1976 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin beli, masu gabatar da ƙara ne za su nuna ƙwaƙƙwaran dalilin zaton zai gudu, ko zai sake laifi, ko zai taɓa shaidu. Na bi su ɗaya-ɗaya, na kawo sharuɗɗa: kwana a gidan mahaifiyarsa, dokar hana fita da dare, sa hannu a ofishin 'yan sanda. Matsalar, karantawa nake yi daga takarda, kaina a sunkuye, na gama cikin minti takwas. Mai gwajin ya ce in ɗaga ido. Wannan ma tarbiyya ce, ba a zuba wa babba ido, ga shi nan in ba ka kalli alƙali ba sai a ɗauka ba ka yarda da abin da kake faɗa ba.

Sai ya jefo tambaya: ko zan tabbatar wa kotu cewa jerin tsofaffin laifukan da ke gabanta cikakke ne? A cikin takardun, yaron ya gaya mana a asirce akwai wani hukunci da bai fito a jerin ba. Ba a sa wa irin wannan tarko alama, ɗa'ar aiki a ɓoye take zuwa cikin kowace tasha. Na yi shiru na daƙiƙa wajen goma, sannan na ce ba ni da ikon tabbatarwa, jerin na masu gabatar da ƙara ne. Ashe daidai ne. Ba zan tona sirrinsa ba, ba kuma zan yaudari kotu ba, kuma da na kuskura na ce yaron ba shi da wani tabo bayan waɗannan da na fāɗa rami. C a iya aiki, B a doka. Alhamdu lillahi, an ɗan matsa.

Na ƙara sayen gwaji biyu, fam 190. Ba ya cikin lissafin farko.

Litinin, 24 ga Maris

Mako guda ya tafi a banza. Yarinya ta kwashi ƙyanda irin ta ruwa daga makarantar reno, kwana biyar ba barci. Ofis kuma kamar kasuwar Kwari ana jajibirin Sallah, domin daga 1 ga Afrilu harajin sayen gida zai fara daga fam 125,000 maimakon 250,000, na masu sayen gidan farko kuma daga 300,000 maimakon 425,000, kowa yana so a kammala cinikinsa kafin wata ya mutu. Juma'ata ma na ba su. Ga goman ƙarshe.

Abin da na samu kawai: a ofis na cika takardun canja mallaka sun fi goma, na yi binciken rajistar filaye mai ba da kariyar kwana 30 na aiki har na daina duba littafi. In cinikin gida ya fito a tsara takarda, ba na jin tsoro.

Talata, 1 ga Afrilu

An yi Sallah, an kuma tura agogo gaba da awa ɗaya a ranar Lahadi, jikina bai san inda yake ba. Ban buɗe littafi ba kwana uku, ban kuma yi nadama ba. Lambobin harajin gida na riƙe tsoho da sabo duka, in duba ranar da ke cikin takardar tambaya.

Asabar, 5 ga Afrilu

Kamfanoni, inda na fi rauni, kuma rana guda cur ce a jarrabawar, tasha huɗu cikin 16.

Na tsara bayanin taron daraktoci cikin minti 45. Kamfani mai darakta biyu zai sayi rumbun ajiya na fam 180,000 daga hannun ɗayansu. Na tuna sashe na 190 na dokar kamfanoni ta 2006, cewa kadarar da ta haura fam 100,000 sai masu hannun jari sun amince. Na tuna sashe na 177, darakta ya bayyana cewa yana da hannu a cinikin. Abin da ya wuce ni: a ƙa'idojin kamfani na gama-gari, mai hannu a ciniki ba a ƙirga shi cikin adadin da taro ke ƙulluwa da su, adadin kuwa biyu ne. Saura mutum ɗaya, taron bai ƙullu ba, duk abin da na rubuta an zartar bai zartu ba. Sai masu hannun jari sun fara ɗage wannan ƙa'ida tukuna.

Na yi wa kaina jadawali a bangon kicin: wa zai yanke, da wane rinjaye, sanarwar kwana nawa, me za a aika wa ofishin rajistar kamfanoni kuma cikin kwana nawa. Kwana 14 cikakku na kiran taro, kashi 75 na ƙuduri na musamman, kwana 15 na aika shi, kwana 21 na rajistar jingina, kwana 28 na sanarwar tsige darakta. Ina tuƙa tuwo ina karantawa. Maigida ya ce ko shi yanzu zai iya tsige darakta.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Lahadi ta biyar da Goggo, in an cire na rashin lafiyar yarinya da na Sallah. Ta zama gwana. Yau ta fito a matsayin mai sayen gida tare da ƙaninta, ita ta kawo kashi 70 na kuɗin, kuma da gangan ta kama labarin bikin jikarta. Na bar ta minti ɗaya, na ce, "Goggo, Allah ya sanya alheri, zan so in ji ƙarshensa, amma bari mu koma kan kuɗin, daga ina kashi 70 ɗin nan suka fito?" Ta ɓata fuska ta ce wannan wace irin tambaya ce. Na ce doka ce ta hana halatta kuɗin haram ta wajabta mana, kowa muke tambaya. Na tambaye ta ko tana da aure, ko akwai 'ya'ya, ko ta yi wasiyya, ko ƙanin yana da bashi. Ban sunkuyar da kai ba. An gama da saura minti uku, na maimaita mata abin da na fahimta da matakin gaba.

Da ita na gano wata dabara kuma. Duk abin da na kasa faɗa mata da Hausa, to ban gane shi ba, harda ce kawai. Na gwada da mallakar gida iri biyu. Na ce ɗaya kamar tuwo ne a kwano guda, ba a san loman kowa ba, wanda ya riga tashi ya bar wa na zaune duka, wasiyyarsa ba ta taɓa gidan. Ɗayar kuma kowa da malmalarsa, in ya mutu tasa ta magadansa ce. Ta ce, "Wannan na farkon ai cin gadon marayu ne, rubuta mini na biyun." Shawarar da ake nema ke nan ga mai kashi 70, tare da takardar da ta fayyace rabon kowa. Yanzu kafin in rubuta kowace wasiƙa ta minti 30 sai in faɗi abin a raina da Hausa tukuna, in ya fita sumul sai in sa shi da Turancin mai gyaran famfo.

Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce mutum biyu cikin shidan nan sun je sun yi rajistar aurensu. Ita ta bi su har gida.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Gwaji na ƙarshe jiya. Neman a soke hukuncin da aka yanke saboda wanda ake ƙara bai amsa a kan lokaci ba: yana da kariya mai yiwuwar nasara, ya hanzarta, sannan matakai uku na shari'ar Denton ta 2014, girman saɓawar, dalilinta, da yanayin ƙarar baki ɗaya. Minti 13, kanun magana kawai a takarda, "Judge" daga farko har ƙarshe. B da B. Ganawa a kan wasiyya B, bayanin C, domin na manta cewa aure yana rushe tsohuwar wasiyya sai a layin ƙarshe na cusa shi, kuma rubutuna daga shafi na biyu kamar tafiyar kaza.

Lissafi zuwa yau: zama 2,902, kwas 1,450, ƙarin gwaji 190, zirga-zirgar Bradford wajen 70, jirgin Manchester da ɗakin kwana ɗaya 148. Jimilla fam 4,760, ban da albashin Juma'o'in da na bari. Sakamako sai bayan kusan wata huɗu. Shekara biyun aikin da ake buƙata za su cika a Satumba, shugabata ta ce za ta tabbatar wa SRA da kanta.

Abin da ya rage: maimaita harajin gado, fam 325,000 da ba a biya wa haraji, da ƙarin 175,000 na gidan zama, da shekara bakwai na kyauta, har yanzu ina harɗewa wajen lissafin kyautar da aka yi kafin rasuwa. Shafi biyu da biro kullum da safe. Fasfo da katin shaida na biyu suna cikin jaka tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. An sa mu alkawarin ba za mu faɗi abin da ya fito ba, don haka bayan zaman ba za a ga tambayoyi a kundin nan ba.

Gobe da Litinin hutun Ista ne, ofis a rufe. Maigida zai tafi da yarinya gidan abokinsa a Sheffield, Goggo kuma ta ce in zo Lahadi da wuri, ta shirya mini wata bazawara mai kishiya a Kaduna.